Ban Ruwa a Gidan Tururuwa

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya wadata wasu ƙasashe da ruwa Ya auna wa wasu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, tun da na dawo daga arewacin Damargu ban sha shayi da kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin gada ba. Malam Tanko mai gyaran injin ban ruwa ya tambaye ni, na ba shi labari. Washegari ya kawo surukinsa daga Bunkure ya ce in sake. Wanda ya ji rabi a ƙofar masallaci sai ya kai kasuwa ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai raƙumi ne ya kore ni. Raƙumi bai kore ni ba. Shi ya sa na jiƙa tawada na fiƙe alƙalami, in rubuta yadda abin ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in huta.

Autata Sa'adatu tana auren Agali, wani Ba'abzine da ya riƙa zuwa mana cirani yana gadin gonakin tumatir a Kadawa. Mutum ne mai salla a kan lokaci, kuma ko tumatirin da ya faɗo ƙasa ba ya ɗauka sai ya nemi izini. Da ya nemi aurenta, ita ma ta nuna tana so, ban ga dalilin hanawa ba. Haihuwar fari a gida ta yi, nan Kura. Ta biyu kuwa can ta same ta. Da aka bugo waya aka ce namiji ne, mai ɗakina Gambo ta so tafiya, gwiwa ta hana ta. Sai aka ce ni.

Gambo ta ware shinkafa daga ta gonarmu, ita da kanta ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta zauna ta tsince ta ƙwaya-ƙwaya. Ta ɗinke bakin buhu, ta haɗa da kwanon alkaki, sannan ta tsaya a kaina.

"Malam, wannan shinkafar ta mai jego ce da baƙin suna. Ba ta direba ba ce, ba ta abokan hira ba ce. Na san hannunka."

Na ce, "Hannuna me ya yi?"

"Ba ya rufuwa. Ko ƙwaya ɗaya kada ta ɓata a hanya."

Na shiga Kano na hau motar Damagaram mai bi ta Daura. Wanda Allah Ya haɗa ni kujera da shi wani dattijo ne Badamagare mai fataucin kanwa, ana ce masa Alhaji Mato. Kafin mu bar gari ya san sunan kakana da yawan fadamata, ni ma na san ciwon da ke damun kowace daga cikin 'yan'uwansa mata. Daga nan ya jingina kansa a kafaɗata ya yi barci har iyaka, kamar ya biya mata kuɗin haya.

A iyaka ba mu sha wahala ba. Wani jami'i matashi ya duba katina, ya miƙo mini biro ya nuna inda zan sa hannu. Na rubuta Haladu da ajami kamar yadda na saba. Ya juya takardar, ya sake juyawa, ya matso da ita kusa da ido. Can sai ya fara haɗa baƙi da ƙarfi, yana kaɗa kai irin na ɗan makarantar allo, har ya fitar da sunan. Murna ta kama shi, ya kira abokin aikinsa ya sake karantawa a gabansa. Ya tambayi abin da ke cikin buhu, na ce shinkafar jego ce. Ya ce, "Allah Ya raya. Wuce, Malam, kafin in tuna ban karya ba."

Mun isa Damagaram da yamma, Alhaji Mato ya rantse ba zan kwana a tasha ba. Ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da wani burodi dogo siriri kamar sandar makiyayi. Na gutsura, haƙorina ya yi ƙara. Ya ce ai tsoma shi ake yi. Hausarsu tamu ce, sai dai sukan jefa wata kalma ta Faransanci a tsakiya, kamar tsakuwa a cikin wake; in ka yi haƙuri ka tauna a hankali sai ka wuce.

Kafin in kwanta na yi wa alkakin Gambo irin dabararmu ta gida. Na nemi faranti mai zurfi, na cika shi da ruwa, na ɗora kwanon a tsakiya, domin kowa a Kura ya san kiyashi ba ya ƙetare ruwa. Da gari ya waye sai na tarar da su sun kewaye bakin farantin sahu-sahu, kawuna a ƙasa, suna sha. Waɗanda suka ƙoshi da ruwa kuma sun hau jelar rawanina da ta sauko daga ƙusa ta taɓa murfin, sun shiga ciki suna karin kumallo.

Alhaji Mato ya leƙo ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ka ba su zaƙi, ka ba su ruwa. Saura tabarma, Malam, su kishingiɗa."

Na ce a garinmu gudun ruwa suke yi.

"A garinku sun ƙoshi da shi. Nan nemansa suke. Kuma bari in gaya maka, in ka wuce Tanut ka riƙe hannunka da ruwa. Can ba a wasa da shi."

Na ce to. Na karkaɗe alkakin na ɗaure, ban ɗauki maganar da nauyinta ba.

Mota ta kai ni Tanut, daga nan kuwa babu motar kujera zuwa inda zan je, sai akori-kura ta ranar kasuwa. Muka hau baya, mu da buhunan gishiri da tabarmi da wata jar akuya da aka ɗaure a kusurwa. Ni ina ta hira da wani mai wanzanci a kan bambancin ƙahonsu da namu, ashe akuyar ta sami kusurwar buhuna tana aiki. Kafin in farga ta huda shi. Mai ita ya ba ni haƙuri, ya ce ba ta taɓa ganin shinkafa ba ne. Na cusa tsumma a ramin, na ɗora ƙafa a kai, na tafi a haka har ƙafar ta mutu.

Inda suke zaune ba gari ba ne, 'yan bukkoki ne na tabarma a cikin rairayi, da itatuwan ƙaya nan da can. Agali ya tarye ni, ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido. A wurinsu suruki ba ya ci a gabanka, ba ya sha, ba ya zama kusa, kuma ba ya ce maka a'a. Mu ma muna da kunyar surukai, amma tasu ta yi wa tamu nisa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna Fadimata, tsohuwa ce 'yar siririya mai dogara sanda. Ta yi mini maraba da Hausarta mai lanƙwasa, ta sa aka kawo nonon raƙumi da dabino da cuku. Cukun nan ya fi burodin Damagaram taurin kai. Na ga Sa'adatu lafiya, na ɗauki jariri na yi masa addu'a. Da magariba ta yi aka miƙo mini ruwan alwala a wani ɗan moɗa wanda a gida ko kurkure baki ba zai ishe ni ba. Na saci kallon mazan wurin, na ga kowa ya yi tasa cikakkiya, har da ragowa.

Da na idar da sallar asuba gari ya fara haske, na je duba buhu. Tsummar ta fita. Daga bakin ramin kuwa wani farin zare ya miƙe a kan rairayi, yana tafiya. Na sunkuya. Tururuwa ce, baƙaƙe manya masu ƙaton kai, kowace da ƙwayar shinkafar Gambo a baki, sun jeru a kan hanyar da suka share tas kamar an bi ta da tsintsiya. Sahu ɗaya na tafiya da kaya, sahu ɗaya na dawowa hannu sake.

Na bi su har bayan bukkar Inna Fadimata. Can na ga gidansu, fili ne a share da rami a tsakiya, an kewaye bakinsa da tulin ƙaiƙayi. An kuma yi wa wurin shingen ƙaya. Na ce a raina, don kada yara su taka a cije su ne.

Kun san yadda muke yi a gida in tururuwa ta dami bedin iri, inda muke rainon shuka kafin dashe. Ba ma sa wuta, malamai sun hana, kuma wanda ya san labarin tururuwar zamanin Annabi Sulaimanu ba zai so ya ƙona jikokinta ba. Buɗe musu ruwan kwata muke yi, su kwashe 'ya'yansu su ƙaura. Kora ce, ba kisa ba. Na waiga, sai ga jarkoki a jere a inuwar bukka, cike. Na janye ƙayar, na yi bisimilla, na juye ɗaya a ramin. Ƙasa ta shanye kamar ban zuba komai ba. Na ƙara ta biyu. Ina cikin ta uku na ji an ce, "Baba."

Sa'adatu ce a bakin bukka, jariri a kafaɗa. A bayanta mata sun tsaya da akusa a hannu, ba mai motsi. Inna Fadimata ta fito, ta dubi ramin, ta dubi jarkokin da ke kwance, ta dube ni. Ta mayar da ƙayar inda take, ta koma ciki.

Sa'adatu ta ja ni gefe. Da yake auta ce, ba ta taɓa iya ɓoye mini magana ba.

"Baba, ka san abin da ka yi wa ban ruwa?"

"Ɓarayin shinkafar uwarki."

"Rumbun Inna ne. Duk damina tururuwar nan tana tara tsabar ciyawa da ta ƙarangiya a ƙarƙashin ƙasa. Shekarar da aka yi yunwa, Agali yana ƙarami, abin da Inna ta haƙa a nan shi ya raya su. Tun daga lokacin ba ta bari ko akuya ta taka wurin. Ba ta taɓawa sai an yi haihuwa a gidan, ta haƙa gefe ɗaya ta ɗebi kaɗan, a yi wa mai jego kunu, baƙin suna su ɗanɗana. Gobe za ta haƙa."

Na ce, "To, ruwan fa?"

"Na suna ne. Tun ranar da na haihu matan nan suke kai da kawowa rijiya da jakuna." Ta gyara wa yaron kwanciya, muryarta ta yi ƙasa. "Da na zo, 'yar bakin rafi suke ce mini, wai ina wanke kwano ɗaya kamar zan yi masa wankan gawa. Har ɓoye mini jarka ake yi. Sai bana suka daina. Yanzu za a ce ga inda ta gado."

Wannan maganar ita ta fi damuna. Ni baƙo ne, jibi in kama hanya. Ita ce za ta zauna da sunan.

Na ce a ba ni jaki, ni zan mayar da ruwan da hannuna. Lokacin hantsi ya riga ya ɗaga. Mazan suka dubi rana, suka dubi Agali. Shi kuwa ba dama ya ce wa surukinsa a'a, sai ya ce, "Baba, rijiyar tana nan... tana can." Ya ɗaura jarkoki a kan jaki ya nuna mini gabas. Na kama hanya.

Jakin ya san hanya, ni ne ban san rana ba. Kafin azahar duniya ta yi tsit. Ba tsuntsu, ba ƙadangare, ko ƙuda ya nemi mafaka. Rairayi ya cika takalmina yana gasa ni. Na hango wata bishiyar ƙaya ita kaɗai, na lallaɓa na jingina da gindinta. Ashe tana da masu ita. Wasu 'yan jajayen cinnaku ne ke zaune a cikin ɓawonta, suna lasar ƙaron da take fitarwa, ba sa sauka ƙasa sam. Suka shiga wuyan rigata suka yi mini bayani. Na matsa gefen inuwar na zauna a tsugune.

A nan na ga abin da har yau nake tunawa. Wani abu ya gifta a gabana yana walƙiya kamar an jefa ɗan kunnen azurfa. Na ɗauka idona ne ya fara gani biyu. Sai ga wani. Tururuwa ce fara sol mai dogayen ƙafafu, jikinta ya ɗaga sama kamar mai tattare riga a cikin taɓo. Ba ta bin sahu kamar na bayan bukka, kowace ita kaɗai take fita. Ta yi nan, ta yi can, ta tsaya ta juya kamar mai duban inda rana take, ta hau kan wani ɗan kara ta sha iska, ta sauko ta ci gaba. Ɗaya ta sami wani ƙwaro da zafi ya kashe, ta ɗauke shi. Duk kewaye-kewayen da ta yi ba ta sake bin sawunta ba, sai ta miƙe sak kamar an ja igiya, ta faɗa wani ɗan rami da ni ban ma lura da shi ba. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda Ya ba wannan aikin sassafe, Ya ba wannan tsakar rana, Ya ajiye wa kowa abincinsa a lokacinsa.

Ina cikin haka na ji tari a bayana. Agali ne a kan raƙumi, ya kawar da kai gefe.

"Baba, wucewa nake yi, sai na gan ka."

"Wucewa zuwa ina?"

Ya dubi sararin da babu kowa babu komai. Ya ce, "Nan gaba."

Ashe tun daga gida yake bina daga nesa. Ya ajiye salkar ruwa a ƙasa ya juya baya don in sha. Na tambaye shi farar tururuwar. Ya ce ita sai ƙadangare ya gudu daga rana take fitowa, ta yi sauri ta kwashi waɗanda rana ta kayar. Sannan ya ƙara da cewa, "A wannan lokacin ita kaɗai ke yawo." Bai ce da ni ba, amma na ji.

Rijiyar kuwa, da na leƙa ban ga ruwa ba sai duhu. Jaki ake ɗaura wa igiya ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance kafin guga ya fito. Na tuna yadda Malam Tanko ke barin tiyo yana kwarara a hanya ya tafi cin abinci. Muka cika jarkoki muka dawo bayan la'asar, fuskata ta yi jawur kamar tumatirin Kadawa. Na sauke su a inuwar bukka. Inna Fadimata ta ce sannu, ba ta ƙara ba. Ruwa ya dawo, amma tsabar da ke ƙarƙashin ƙasa ta jiƙe, kowa ya san ruɓewa za ta yi ko ta tsiro. Shayin yamman nan zagaye uku ne kamar kullum, ban ji zaƙin ko ɗaya ba.

Da safe ina lazimi na ji hayaniyar mata a bayan bukka. Na ce shi ke nan, an haƙa an ga ɓarna. Sai ga Sa'adatu tana cewa in zo.

Filin nan da ke kewaye da ramin ya rufe da tsaba. Tururuwar ce ta fito da kayanta tana shanya. Suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙwaya a baki, ta ajiye a rana ta koma. Tsabar ciyawa ja-ja da baƙa-baƙa, ga fararen ƙwayoyin shinkafar Gambo a tsakaninsu. Inna Fadimata tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, da faifai da ɗan reshe, tana sharowa daga gefe ɗaya.

Ta ce, "Malam, zo ka gani. Shekara da shekaru ina haƙa da wannan bayan nawa, ashe jira suke baƙo ya zo daga Kano ya sa su fito mini da shi."

Matan suka fashe da dariya. Na ce alhamdu lillahi, na fara ba ta haƙuri.

"Ba ni za ka ba. Ni ka mayar mini da ruwana. Su ka shiga wa gida ba sallama, ka jiƙa musu ɗaki, ƙila ma da 'ya'ya a ciki. Da ramin bai yi zurfi ba da ka tashe su." Ta ja layi da reshen a tsakiyar shanyar, ta bar musu kashi mafi yawa. "Kawo mudu ɗaya na shinkafar nan taka."

Na tuna fuskar Gambo. Na dubi ta Sa'adatu. Na je na auno mudu, har da tozo.

"Zuba musu a bakin ƙofa. Ka kuma faɗa musu."

Ni da furfurata, almajirin malamai, na tsuguna a gaban ramin tururuwa. Na nemi gafarar Ubangijinsu tukuna, domin Shi ya kamata. Sannan na zuba shinkafar, na ce a hankali, "Ku yi haƙuri, baƙunta ce."

"Ba su ji ba," in ji wata daga baya.

Na sake faɗa da ƙarfi.

Inna Fadimata ta miƙa wa Sa'adatu faifan da tsabar. Ta ce, "Ke za ki sheƙe. Daga yau kuma ke za ki riƙa duba shingen nan, gwiwata ta gaji. Kin fi kowa sanin irin mutanen da ya kamata a tsare shi daga gare su." Aka sake dariya, Sa'adatu ma tana yi, tana share ido da gefen mayafi. Daga baya ta gaya mini ko matar babban wan Agali ba a taɓa ba wannan aikin ba.

Ranar suna aka dama kunun tsabar da nono, aka dafa shinkafar Kura da naman rago. Kunun yana da ɗan ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, na sha na nemi ƙari. Yaro ya ci sunana, Haladu, amma kafin a watse matan sun riga sun laƙaba masa Mai Ban Ruwa, kuma na ji har yanzu da shi ake kiransa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai na sake kwana wurin Alhaji Mato, na ba shi wannan duka, ya yi dariya har ya nemi a ɗaura masa ciki. Na iso Kura da yamma, na tsaya a bakin gada ina kallon ruwa yana wucewa ba mai gadinsa, na daɗe a wurin. Abin da ya faru ke nan, godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni.

Da na shiga gida, Gambo ba ta bari na cire takalmi ba.

"Shinkafata ta isa?"

Na ce, "Ta isa. Ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Mai jego ta ci, baƙi sun ci, har maƙwabta na bayan ɗaki sun samu."

"Na faɗa, hannunka ba ya rufuwa. Su nawa ne maƙwabtan?"

Na ce wallahi ban iya ƙirga su ba.